Ƙurar Dutsen Zinare a Tsakar Gida: Nazarin Lamarin Wani Gida a Ƙasar Anka

Gidan da za a bi labarinsa yana wani ƙauye a ƙaramar hukumar Anka, Jihar Zamfara, cikin ƙauyukan da gubar dalma ta afka wa a 2010. An sakaya sunan ƙauyen da na mutanen gidan. Abin da ake son gani shi ne ta inda gubar ta shigo, abubuwan da aka gwada don fitar da ita, da wanda ya ɗore a cikinsu.

## Kafin 2009: gida da injin niƙa

Maigidan manomi ne na gero da dawa da wake. Yana da mata biyu da ƙananan yara, ƙanensa kuma yana zaune a wani sashe na gidan. Bayan noma yana da ɗan injin niƙan hatsi a rumfa kusa da zaure. Da safe yaran maƙwabta su zo da ƙwaryar dawa, a niƙa, a ba shi abin da ya sawwaƙa, da shi ake cefane idan rani ya yi.

Zinare ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Tun zamanin Turawa ake neman sa a yankin Anka da Maru, kuma tsofaffi sun iya wanke yashin rafi a kwano har ɗan ƙyalli ya kwanta a ƙasa. Aiki ne na cikin ruwa, ba ya tayar da ƙura.

## 2009 zuwa farkon 2010: dutse ya shigo gida

A ƙarshen 2009 oza ɗaya ta zinare ta haura dala 1,000 a kasuwar duniya. Masu saye suka riƙa shigowa ƙauyuka da sikelinsu. Samari suka bar rafi suka koma ramuka, suna bin jijiyar dutse da guduma da diga. Zinaren cikin dutse ya fi garin tuwo laushi, ba a samun sa sai an mayar da dutsen gari, kuma abin da ke kusa na yin hakan shi ne injin niƙan hatsi. Cikin 'yan watanni injin maigidan ya fi niƙa dutse a kan dawa, abin da yake samu a yini kuma ya zarce na mako guda a da.

Ga yadda aikin yake tafiya a gidan. Ƙanen yana kawo buhunan dutse a babur. Da yake matan ba sa fita, sai aikin ya same su a ciki: su farfasa dutsen a tsakar gida, wani lokaci a turmin da ake daka gero. A kai injin a niƙa a bushe. A wanke garin a bakin kududdufi, a kan katako mai gangare da aka shimfiɗa wa buhu, abin da ya yi nauyi ya maƙale. A zuba wa wannan zaiba a murza da hannu har ta kama zinaren, a matse a ƙyalle, sannan a ɗora dunƙulen a kan garwashi zaibar ta tashi ta bar zinaren. Garin da ya jiƙe kuma a tsakar gida ake shanya shi, nan inda ake shanya tsaba.

Jijiyar dutsen da aka faɗa wa tana cike da dalma. Dutsen nan mai ƙyalli baƙi-baƙi da ake samun tozali daga gare shi, shi ne a ciki, kuma a wasu samfura da aka auna daga baya dalma ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin dutsen. Wani ɓangarensa ruwa da iska sun riga sun sauya shi zuwa nau'in da ke saurin narkewa a ruwan cikin mutum. Yaro mai rarrafe hannunsa na ƙasa, daga ƙasa sai baki, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na dalmar da babba zai tsotsa daga abin da ya haɗiya.

Agwagi ne suka fara mutuwa a bakin kududdufi. Aka ce annobar tsuntsaye ce.

Da zafi ya shigo, 'yar amarya mai kimanin shekara biyu ta fara amai da ciwon ciki, ta ƙi nono, ta yi laushi. Aka saya mata maganin zazzaɓin cizon sauro a kemis, bai yi ba. Da ta fara jijjiga sai aka ce iska ce, aka karɓo rubutu da turare. Wasu suka ce sanƙarau ne, tunda lokacinsa ne. Ta rasu kafin a yanke shawarar kai ta Anka. Ba a jima ba ɗan uwargida mai shekara uku ya fara irin alamun.

## Maris zuwa Yuni 2010: an gano abin da ke kisa

A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka ci karo da mace-macen yara da ba a saba gani ba a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Maganin maleriya da na sanƙarau ba su taɓa ciwon ba. Sai da aka aika jinin yaran zuwa Turai aka ga dalma ce. A watan Mayu masana daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) da Hukumar Lafiya ta Duniya da jami'an lafiya na Najeriya suka bi gida-gida a ƙauyuka biyu, Dareta da 'Yargalma. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu a shekara guda, wato ɗaya bisa huɗu. Cikin 204 da aka gwada jininsu, kashi 97 cikin 100 suna da dalma mikrogram 45 ko fiye a kowane desilita na jini, ma'aunin da ake fara ba da maganin fitar da guba. A gida biyu cikin kowane uku ana sarrafa dutse a ciki. Yaran da suka mutu a jihar baki ɗaya sun wuce 400.

Na'urar gwajin jini ta tafi-da-gidanka iyakarta 65. Da aka gwada ɗan uwargida, ba ta ba da lamba ba, sai alamar cewa ya zarce iyakarta. An kuma ɗora na'urar auna ƙasa a tsakar gidan da gindin injin. Ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin ga ƙasar da yara ke wasa a kai shi ne kashi 400 cikin miliyan, gidan kuma ya ninka hakan sau da yawa. A wasu wurare a yankin an samu sama da 100,000.

Maigidan bai yarda nan take ba. A taron ƙofar dagaci ya ce, "Ranka shi daɗe, dutsen nan fa shi ne iyayenmu ke kwalli da shi." Dagacin ya ce, "Malam, su a ido suka sa, ku kun sa a tuwo." Gaskiyar magana ko a idon ma ba lafiya ba ne ga jariri, amma ranar ba wannan ake ciki ba. Ƙin yardar ba jahilci kaɗai ba ne. Mutane na tsoron a rufe ramukan, don haka wasu suka ɓoye buhunansu a rumbu da ƙarƙashin gado ranar da masu gwaji za su zo.

## Daminar 2010: magani, shara da umarni

Abubuwa uku aka gwada a wannan damina.

Masarauta da gwamnatin jiha suka ba da umarni a fitar da sarrafa dutse daga cikin gari. Maigidan ya ɗauke injin ya kai bayan gari, amma bayan garin nan bai wuce jifa ba daga gidajen ƙarshe, kuma a bakin kududdufin da dabbobi ke sha.

Matan gidan suka duƙufa shara safe da yamma. Tsintsiya tana kwashe ɓurɓushin da ido ke gani, ta tayar da mai laushin sama, ya sauka a kan tukwane da tabarmi. Awon ƙasar bai sauya ba.

Ɗan uwargida kuwa aka kai shi Anka tare da uwarsa, inda MSF ta buɗe wurin kwantar da yara. Maganin da aka ba shi DMSA ne, na sha, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Yana kama dalmar da ke cikin jini ya fita da ita ta fitsari, ana shan sa na tsawon makonni. Jijjigar ta tsaya, yaron ya fara cin abinci, aka sallame su. Da aka sake gwaji bayan ya koma gida sai aka ga dalmar ta sake hawa. Dalili biyu ne. Dalma tana taruwa a ƙashi, idan an rage ta jini sai ta ƙashi ta sauko ta cike gurbi. Na biyun kuma, tsakar gidan da ya koma tana nan yadda take. Wannan ya sa likitocin suka tsaya a kan cewa sai an tsabtace ƙauye kafin a ci gaba da ba yaransa magani a gida, sharaɗin da ya yi wa iyaye ɗaci ƙwarai.

## Oktoba 2010 zuwa Maris 2011: kwashe ƙasa

Kamfanin TerraGraphics na Amurka da cibiyar Blacksmith Institute, tare da ma'aikatar muhalli ta jiha, su suka jagoranci aikin. Sun gama Dareta da 'Yargalma tun farkon damina, sannan bayan ruwa ya ɗauke suka shiga sauran ƙauyukan. Babu wata babbar na'ura a cikin gidaje. Samarin garin aka ɗauka aiki, da fartanya da shebur da buhuna. A fitar da kayan ɗaki kaf, a kankare kusan santimita 5 na saman ƙasa, a sake aunawa, inda awo bai sauka ba a ƙara tono. A loda buhunan a kai ramin da aka tanada nesa da gari a binne. Sannan a kawo ƙasa mai tsabta da aka gwada a shimfiɗa a daddaɓe.

A gidan da ake magana, gindin tsohuwar rumfar injin ne ya fi cin tono. Turmi biyu aka fitar da su gaba ɗaya. Bayan haka yaron ya ci gaba da shan magani zango-zango, awon jininsa ya riƙa sauka a hankali.

Ƙauyen ya yi sa'a idan aka kwatanta da Bagega, wadda ta fi duka girma. Ita sai da ta jira har 2013, bayan gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin aikin a farkon shekarar, yaranta kuma duk tsawon lokacin ba su samu magani ba.

## 2011 zuwa 2015: an kashe maciji ba a sare kansa ba

Mace-mace sun tsaya, hankali ya kwanta, niƙa kuma bai tsaya ba ko na mako guda. Da amarya ta sake haihuwa aka gwada yaron bayan ya fara rarrafe, sai ga dalma a jininsa. Ba ta kai ta wansa ba, amma ta wuce abin da za a yi shiru a kai. Aka bi sawu, aka samu hanyoyi huɗu.

Maigidan da ƙanensa suna dawowa daga injin fari fat, su zauna a tabarma, su ɗauki yara, matan su kakkaɓe rigunan kafin wanki. An yi gyaran katanga da tubalin da aka buga da lakar kududdufin nan. Da fashi da satar shanu suka yawaita a dajin, ba mai barin garin da ya riga ya tace a bayan gari, sai a shigo da shi ɗaki da dare. Ƙona zaiba ma ya koma cikin ɗaki, don kada ido ya ga yawan abin da aka samu.

An raba wa masu niƙa takunkumin rufe hanci. A zafin Afrilu ba mai jure shi, yana toshewa kafin azahar, kuma ko an jure, hancin mai sanye da shi kaɗai yake karewa. Rigarsa da yaransa suna nan a buɗe.

A 2015 irin wannan annoba ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka mutu. Dutsen, injin da tsakar gidan duk iri ɗaya ne.

## 2016 zuwa 2018: an taɓa aikin kansa

Har zuwa nan duk abin da aka yi, bayan ƙura ta tashi aka yi shi. Akwai wani fanni na kimiyyar sinadarai da ke fara tambaya daga wancan ƙarshen, wato kimiyyar sinadarai mai kare muhalli. Masana biyu na Amurka, Paul Anastas da John Warner, suka tsara masa ƙa'idoji 12 a 1998. Ta farko ita ce hana sharar guba samuwa ya fi share ta bayan ta samu. Wasu daga cikin ƙa'idojin kuma suna magana a kan musanya sinadari mai haɗari da wanda bai kai shi ba. Ga mai niƙan dutse a Anka wannan ya rabu gida biyu. Dalma a cikin dutsen take, ba wanda ya zuba ta, ba a iya musanya ta, sai dai a hana ta tashi. Zaiba kuwa da kuɗi ake sayo ta a zuba, don haka ita ana iya neman madadinta.

An fara da ƙura. Gwajin farko maigidan da kansa ya yi shi: ya jiƙa dutsen ya zuba a injin. Ya cure ya zama taɓo, injin ya shaƙe, aka ɓata yini ana kwance shi. Abin da ya yi aiki daga baya shi ne feshi: tanki a sama, ɗan famfo, da bakin feshi masu fitar da ruwa kamar raɓa a mashiga da mafitar injin. Garin yana fitowa da danshi ba tare da ya cure ba. A wani shirin gwaji da MSF da ƙungiyar OK International mai kula da lafiyar ma'aikata suka yi da masu haƙa a arewacin Najeriya, irin wannan feshi ya rage dalmar da ke iska da kashi 95 cikin 100, ƙurar dutse mai lalata huhu kuma da kashi 80. Dalmar jinin masu haƙar da suka shiga shirin ta sauka da kusan kashi ɗaya bisa uku.

Ruwan ya zo da tasa matsalar. A ranin farko lakar da ke malala daga injin ta bushe a fili, iskar hunturu ta kwashe ta, aka koma gidan jiya. Sai aka haƙa ramuka biyu a jere: laka ta kwanta a na farko, ruwan ya tsiyaye zuwa na biyu a sake jan sa zuwa tanki. Wannan ya rage sayen ruwa daga masu kura, wanda da ma shi ne babban ƙorafi. Masu injin suka haɗa kuɗi suka matsar da wurin gaba sosai, suka yi ɗan kewaye na wanka da ƙusoshin rataye kayan aiki. Rigar aiki ba ta zuwa gida, ba a cin abinci a gindin injin, yara masu talla ba sa shiga.

Ba wa'azin lafiya ne ya riƙe su a kan wannan ba. Da suka wanke lakar ramin farko suka ga zinare a ciki. Abin da a da iska ke tafiya da shi yanzu yana kwance a rami yana jiran su.

Zaiba ta fi wuya. Yarjejeniyar Minamata kan zaiba ta fara aiki a 2017, Najeriya ta tabbatar da ita a 2018, kuma ƙananan masu haƙar zinare su ne babbar hanyar da zaiba ke shiga iskar duniya. Madadin da aka fi yayatawa shi ne boras, farin gishirin da masu haƙa a Filifin suka daɗe suna aiki da shi: a tace gari sosai, a gauraya da boras, a hura wuta, dattin ya narke ya rabu, zinare ya dunƙule a ƙasa. An gwada a wurin maigidan, bai yi ba, kuma dalilin yana cikin dutsen. Farin dutsen da zinare ke ciki bai kai ninki uku na nauyin ruwa ba, shi ya sa wanki ke tafiya da shi. Zinare ya ninka ruwa sau 19. Dutsen tozali kuwa ninki bakwai da rabi ne, don haka ba ya tafiya, yana kwanciya tare da zinaren a gindin kwano. Idan aka sa wannan a wutar da za ta narkar da zinare, wadda ta haura digiri 1,000, dunƙulen ba ya fita da tsabta, hayaƙin kuma ɗauke da dalma yake tashi zuwa fuskar mai hurawa. An guje wa gara an faɗa wa zago. Aka daina.

Abin da aka tsaya a kai shi ne tukunyar ƙona zaiba mai murfi, wadda mai walda zai iya haɗawa da bututun ruwa. Zaiba tana tafasa a digiri 357, tururinta ya bi bututu ya huce ya ɗiga cikin ruwa, a tsame a sake aiki da ita. Maigidan ya karɓa don ta rage masa sayen zaiba. Ƙanensa ya ƙi, ya ce shi sai idonsa na kan zinarensa yana ƙonuwa.

## 2019 zuwa yanzu

A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara saboda 'yan bindiga. Wurin niƙa mai tanki da ramuka ba ya ɓoyuwa, don haka wasu suka watse suka koma niƙa a bushe a lungu. Ma'aikatan lafiya suka rage shiga ƙauyuka. A farkon 2022 MSF ta miƙa shirin ga gwamnatin jiha, a Disambar 2024 kuma aka ɗage haramcin.

A gidan, injin bai sake kwana a ciki ba, kuma hatsinsu a wani injin daban ake niƙa shi. Yaran da aka haifa bayan an fara feshi ba wanda ya kai ga shan magani. Ɗan uwargida ya rayu, ya zama saurayi, yana noma. Karatu ya gagare shi a allo da boko, abin da aka biya masa da safe kafin yamma ya zube. Maganin ya fitar da dalmar jininsa, bai mayar da abin da ta ci a ƙwaƙwalwa ba.

## Abin da ya yi aiki da dalilinsa

Magani da kwashe ƙasa su suka tsayar da mutuwa, ba don su ba da ɗan uwargida bai kai damina ta gaba ba. Sai dai su biyun sun dogara ga kuɗi da ƙwararru daga waje, kuma kowannensu ya lalace cikin ɗan lokaci da zarar sabuwar ƙura ta shigo. Shara da takunkumi sun gaza don suna bin ƙurar bayan ta tashi. Umarni da haramci sun matsar da aikin ne kawai, na farko zuwa bakin kududdufi, na biyu zuwa inda ba mai gani, wanda a ganina ya fi muni.

Feshi da ramin laka sun ɗore saboda sun haɗa abu biyu da sauran ba su haɗa ba: sun tare dalmar a inda take fita daga dutse, sun kuma ƙara wa mai injin abin da yake kai wa gida. Da a ce tun 2010 an kawo tanki da famfo tare da fartanya da buhuna, ina kyautata zaton ƙaramin yaron amarya ba zai shiga lissafi ba.

Boras kuma ya nuna cewa sinadari ba ya zama mai aminci don sunansa kawai. Abin da ya yi kyau a dutsen Filifin ya zama sabuwar hanyar shan dalma a dutsen Anka, kuma da an auna dutsen kafin a kawo shi da an san haka. Don haka rabin zaiba na wannan lamari bai rufu ba. Tulin garin da aka riga aka wanke da zaiba yana nan a bayan gari, dalma da zaiba a haɗe, kuma ana samun masu zuwa tayin sa don su sake tace shi da sayanaid, sinadarin guba mai narkar da zinare, aikin da yarjejeniyar Minamata ta lissafa cikin mafi muni. Maigidan bai sayar da nasa ba tukuna. Ƙanensa ya sayar.